Motar asuba daga Tawa zuwa Yamai, ga wanda aka kira taron aiki

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Tunda na dawo daga Yamai abokan aiki ke tambayata wai ya na ga motar kamfanin da na shiga, ko su ma su shige ta in an kira su taro, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Amsata ita ce ku shiga, amma ta asuba, kuma ana gobe taron ba ranar taron ba. Sunan kamfanin zan bar shi a cikina don akwai wuraren da zan yi kuka sosai kuma ba ni son a ce na taɓa abincin wani bawan Allah da ke aiki can, wanda ya san ni ya same ni in gaya mishi.

Ni aikin gona nake, tare da ƙungiyoyin manoman albasa, daga wajen Tamaske da Keita har kwarin Magiya. Cikin watan Afrilu anka kira mu taron ƙwararru kan ajiyar albasa da ingancin iri, kuma an sa sunana cikin masu magana tun ranar farko da sahe. Wanda bai taɓa tahiyar misiyo ba bai san nauyin wanga abu ba. Mai zuwa ziyara ko biki in mota ta yi latti sai ya ce Allah ya kawo mu lahiya shi ke nan, amma kai da anka rubuta ma ƙarhe 9 cikin takardar tsarin taro, ga manya sun zauna, ga mutanen INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da na jami'a sun zo su saurare ka, in ba ka nan babu mai jiran ka, wani za a kira a wuce, kuma sarwis ɗinku ne zai sha kunya ba kai kaɗai ba. Don haka ni abin da nake saye wurin kamfanin mota lokaci ne, sanyin kilim da kujera mai taushi daga baya suke zuwa. Kuma a nan ne kamfanin ga ya ci kuɗɗinshi da halali.

Na tahi gishe ana gobe tahiya. Yarinyar da ke wurin ta karɓi katin ɗan ƙasa, ta rubuta lambar wayata, ta juyo mini huskar ordinater ta ce in zaɓi kujera da kaina. Da ta ga takardar misiyo a hannuna sai ta ce "Madam, in yi miki resi daban mai tampo ko? Don biye ɗin ana yage shi wurin shiga." Wallahi wanga ƙaramin abu ya burge ni, don duk ma'aikacin da ya taɓa kai takardu wurin kwantabul ya san in babu resi mai tampo kuɗɗin motarka sun tahi ke nan, sai dai ka yi haƙuri. Ku riƙa neman shi tun wurin yankan biye, tahiya da dawowa, kada ku bari sai kun sauka. Mota iri biyu gare su, mai kilim da marar kilim, na yanki mai kilim, bambancin ƴan jikkuna ne waɗanda ba su kai kuɗɗin kwana ɗaya na masauki a Yamai ba.

An ce mu hallara ƙarhe 4 da rabi. Ko da na isa an riga an jawo motar an buɗe cikinta ana loda bagaji, kowane kaya ana manna mishi lamba a ba ka rabin takardar. Ni ina ɗauke da walis da wani kwali da na hi damuwa da shi, samfurin albasa ne kala kala da na tsinto daga rudun manoma, wato rumbun ajiyar albasa, da ƴan ƙullin iri, su zan nuna wurin taron. Na ce da yaron da ke lodi "ƙanena don Allah wanga kwali kada a ɗora mishi nauyi kuma kada a kai shi kusa da zahin inji", bai yi mini musu ba bai kuma nemi na goro ba, ya ɗauki maka ya rubuta a jikinshi ya aje shi can sama gehe guda. An caje ni kuɗɗin kwalin amma da takarda. Anka kira asuba munka yi salla nan cikin tasha, akwai wurin mata da tabarmi da butoci, sannan anka fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, babu turereniya babu rigimar wa ya zaune mini wuri. Ƙarhe 5 da rabi tayar mota ta motsa. Wani Alhaji ya iso da gudu muna bakin ƙofa, anka tsaya mishi ya shiga, amma ba a zauna jiran wanda ke gida yana shan shayi ba, kuma haka ya kamata.

Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne. Za ka bi ta Badagishiri ka gangara Tsarnawa inda hanyarmu ke haɗuwa da babbar hanya RN1, ka karya yamma ka shiga Ƙonni, daga nan Dankasari, Dogon Dutsi, Kore Mairuwa, Doso, Birnin Gaure, Kure sai Yamai. Lokacin da munka tahi kakar albasa ce, tun kamin Tsarnawa kamiyo kamiyo ne a jere an yi musu lodi har sun rinjaya, masu tahiya Gana da Kodebuwa da sauran ƙasashen gaɓar teku, ga amalanken jakkai ga ƴan moto. A irin wurin nan ake gane direba. Namu dattijo ne, kowa Baba yake ce mishi, ban ga ya ɗauki waya ba tun daga Tawa har munka sauka, in ya tarar da kamiyo gaba gare shi sai ya bi shi a hankali har hanya ta buɗe sannan ya wuce, inda gudron ya ci kuma ya rage gudu ya lallaɓa. Wasu samari a baya sunka fara gunaguni wai ba ya gudu, wata tsohuwa ta juya ta ce musu "ɗiyana ku bar shi, ni jikoki na jirana", kowa ya yi shiru. Duk da wanga lallaɓawa kamin ƙarhe 2 da rabi muna cikin Yamai, daidai da abin da anka gaya mini a gishe.

Cikin motar da tsabta, an share an goge, kujera na kwantawa baya kuma akwai wurin miƙe ƙafa. An raba ruwa da ɗan biskit bayan mun hita gari. Kilim ɗin da asuba ya yi yawa, ku ɗauki mayahi mai kauri ko ɗan bargo ko da kuwa bazara ce, musamman mai yaro. Wurin sa sharjer akwai a kowace kujera amma ba duka ke aiki ba, nawa ya yi, na maƙwabciyata bai yi ba sai munka riƙa karɓa karɓa. Kada wanda ya yaudari kanshi ya ce zai ƙarasa shirya jawabinshi cikin mota, rezo yana zuwa yana ɗaukewa tsakanin garuruwa, ga girgiza, ga talabijin da anka ƙure ma murya tun hantsi. Na roƙi kwambayar ya rage, ya rage, bayan ɗan lokaci wani ya ce a ƙara anka ƙara. Ku gama aikinku a gida ku sa shi cikin kile USB, cikin mota ku yi barci ko ku kalli ƙasa, don akwai abin kallo. Wajen Dankasari ne Lugu take, garin Sarauniya Mangu da ta tari sojojin Faransa a 1899, ga duwatsun Dogon Dutsi da jar ƙasarsu, bayan Doso kuma ga layin dogon nan da anka shimhiɗa har Yamai yana bin gehen hanya babu jirgi a kanshi, abin na ci mini rai duk sanda na gan shi don da yana aiki da albasarmu ba ta riƙa kwana bisa kamiyo tana dahuwa ba. Wajen Kure in da rabo za ka hangi raƙuman dawa, mu mun ga biyu can nesa suna cin ganye.

Maganar kwantrol, ku riƙe katin ɗan ƙasa da takardar misiyo a jakar hannu ba cikin walis ba. Akwai inda jandarma ke shigowa su duba, akwai inda ake cewa kowa ya sauka ya taka da ƙafa ya wuce shinge. Halin da ƙasa ke ciki ya sa dole, ni ban ga laihin haka ba, kuma kwambayar ɗin na da tsari, yana faɗa tun kamin a isa kowa ya hiddo takardarshi, shi ya sa ba mu daɗe ba ko ina.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta duk wanga dogon bayani. Makewayi. Tahiyar da ta kai awa tara, an tsaya Ƙonni an tsaya Dutsi an tsaya Doso, ko ina sai a ce minti goma, direba na danna oda tun ba ka gama sauka ba. Namiji ya ɗauki buta ya zaga bayan katanga ya dawo har ya sayi tsire. Mace fa? A tashar farko ƙofa biyu ce ta mata, ɗaya an sa mata kwaɗo, ɗayar ga layi ya kai mutum goma sha. A ta biyu ƙofar ba ta da sakata sai wata ta tsaya ta riƙe miki, babu ruwa a randa, ƙasan kuwa ba zan iya kwatanta shi a nan ba. Na ga mai tsohon ciki ta leƙa ta juyo ta koma mota ba ta shiga ba. Na ga tsohuwar nan mai jikoki, wadda ta ce mini ciwon suga gare ta, tana ta sauri da sandarta ana mata oda. Kuma abin da maza da yawa ba su sani ba shi ne mu mata tun daren tahiya muke daina shan ruwa saboda wanga matsala, a watan Afrilu, a ƙasar da zahi ke kai digiri 45. Ka tambayi duk wata ma'aikaciyar likita ta gaya ma abin da riƙe hitsari da ƙin shan ruwa ke jawowa. Mace ta iso Yamai da ciwon kai da jiri, gobe kuma ana so ta tsaya gaban mutane ta yi bayani da hankalinta. Kamfanin da ya iya sayen mota mai kilim da talabijin, ya iya sa ordinater a gishe, bai gagara gina makewayi huɗu da tankin ruwa a tashar da shi ke da ita ba. Ba a dai sa abin a rai ba ne, don masu yanke shawarar ba su taɓa tsayawa wancan layi ba.

Abinci a hanya babu laihi, akwai biredi da dafaffen ƙwai da balangu da hura, amma ni shawarata mai magana gobe ya kiyaye cikinshi, ya riƙo guzurinshi daga gida, dabino da cuku da ruwan gora sun isa.

Da munka isa Yamai ba a buɗe bagaji kowa ya wawura ba, sai ka nuna rabin takardarka a haɗa da lambar sannan a miƙo ma. Kwalina ya hito yadda ya shiga, ko albasa ɗaya ba ta ƙuje ba. Bakin tasha ƴan taksi za su yi ma ca, in kana da kaya ka ɗauki kurs kai kaɗai amma ku gama ciniki kamin ka shiga, in ba ka da kaya ka ɗan taka zuwa bakin gudron ka tari ta haɗaka ka faɗi unguwar da za ka. Yawancinsu na jin Hausa ko da Zabarmawa ne, ba za ka ɓata ba. Dalilin da ya sa nake nanata a zo ana gobe shi ne garin kanshi. Namu taron a Harobanda anka yi shi, hayin kogi wajen jami'ar Abdu Mumuni da AGRHYMET, cibiyar nazarin noma da yanayi, ni kuma na sauka wurin ƴar uwata a wannan gaɓar. Gadar Kennedy tun 1970 take, kuma ko da yake an ƙara gada ta biyu a 2011 da ta ukku a 2021, da sahe lokacin da ɗalibai da ma'aikata ke ƙetarawa sai ka ga mota ta tsaya cik. Wanda ya kwana a gari ya san ya hita da wuri. In kuma damina ce to ku ƙara kwana ɗaya bisa lissahinku, kowa ya tuna watan Agustan 2024 da ruwa ya yanke hanya a Sore bakin shiga Yamai har sai da kwalekwale anka riƙa ƙetarar da mutane, wanga ba laihin kowane kamfani ba ne amma kai zai shafa.

Akwai wani aikin nasu da na gwada ban yi niyya ba, wato aika koli. Manyan hotunan da za mu liƙa a zauren ba su hito daga wurin bugu ba sai bayan na taso, abokin aikina ya naɗe su ya kai tasha ya ba da sunana da lambata, motar washegari ta taho da su. Da la'asar anka kira ni anka ce Madam kolinki ya iso, na je da katina na sa hannu na karɓa, ba su lanƙwashe ba ba su jiƙe ba. Rana ta biyu sunka hau bango. Kuma sun yi amfani, don gardamar da anka hi yi a taron ita ce ta asarar da manomi ke yi cikin rudu. Kowa ya san albasa ƴar Galmi ta hi sauran jure ajiya, kuma kowa ya san lokacin kaka cikin Maris da Afrilu buhu faɗuwa yake yi warwas, wanda ya iya riƙe tashi har ƙarshen damina shi ke cin riba. Abin da na je nunawa shi ne ruɓar tun daga gona take farawa, in an cika mata takin zamani na ire, in an ci gaba da ban ruwa har ranar cira, in an yanke ganyen tun bai bushe ba, to ko wane irin rudu ka gina mata ba za ta kai ba. Da na zuba albasar bisa tebur mutane sunka taso suna dannawa suna shinshinawa suna gane bambancin da hannunsu, kuma da yaron lodin nan ya danne kwalin da buhun wani da duk sun zama abu ɗaya. Ina mishi addu'a har yanzu.

Dawowa kuma wani labari ne. Nan ma an tashi kan lokaci, amma motar ba irin ta zuwa ba ce, ta tsufa, kuma muna wuce Doso kilim ya mutu. Irin motocin ga gilashinsu ba ya buɗuwa, sai ƴar ƙofar sama anka ɗaga, rana ta take, cikin motar ya koma kamar madambaci. Jarirai na ta kuka, wata yarinya ta yi amai, mutane na ta hihita da biye ɗinsu. Inji dai inji ne yana lalacewa, ban riƙe su da wannan ba. Abin da na riƙe su da shi shi ne babu wanda ya tashi ya ce jama'a ku yi haƙuri ga abin da ya faru ga abin da za mu yi, kwambayar ya koma gaba ya zauna kamar ba shi nan, ruwan da ya rage cikin kula ma sai da wani malamin lakwal ya ɗaga murya sannan anka raba ma masu yara. A Dutsi makanike ya taɓa ya ɗan yi sanyi ya sake mutuwa, haka munka kai Tawa. Kuɗɗin mai kilim munka biya. Washegari na je na samu shugaban tashar, ya karɓe ni da mutunci ya ba ni kujera, ya ce "Hajiya ki yi haƙuri, za mu kai maganar sama", ya rubuta cikin wani babban littahi. Na ce mishi ranka ya daɗe adalci shi ne a maida ma kowa bambancin kuɗɗin, ya ce ba shi da wanga iko. Na yarda ba shi da shi, amma wani na da shi. Kuma ƙa'idojin da anka buga bayan biye, inda anka yi maganar kaya da fasa tahiya, duk da Faransanci ne da ƙananan baƙaƙe, alhali tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa kuma rabin mutanen motar ko sun yi karatu ba na lakwal ba ne. A rubuta da Hausa, a kuma faɗa da baki kamin a tashi.

Duk da haka in an sake kira na taro motarsu zan shiga, don sau biyun nan ba su ci mini lokaci ba kuma ba su taɓa mini kaya ba. Sai dai wanga karo zan tambaya tun a gishe wace mota ce za ta tashi, sabuwa ko tsohuwa, in zaɓi kujera daga gaba ɓangaren da rana ba ta bugu. Maganar makewayin kuma na bar ma shugaban tashar a rubuce da sa hannuna da na wasu mata ukku da munka dawo tare: a ƙara ƙohohi, a sa sakata, a aje tankin ruwa, a ɗauki mace guda a kowace tasha ta riƙa kula da wurin, a maida tsayawar Dutsi minti ashirin. In ma sun ce sai an biya dala biyar ko dala goma a bakin ƙofa, mu za mu biya.